Kafa Uku a Gindin Tukunya

A unguwar Barkin Sale kowa da abin da yake cewa game da Baba Josiah. Masu acaɓa na bakin kwana sun yanke hukunci tuntuni cewa kurma ne, don sai an yi masa hon sau biyu kafin ya waiwayo. Matan layinsu suka ce ƙarya ne, ji ne ma ya yi masa yawa. Abin da ka faɗa a gabansa bana, ko bayan shekara biyar zai iya maido maka da shi, har da wurin da ka tsaya ka yi tari. Ita kuwa matarsa Rifkatu, in an tambaye ta, sai ta ce maganar mutumin nan kaf tukwane yake kai wa, ya dawo mata gida da guntun "to" da "Allah ya kai mu."

Tukwanen da take nufi suna wani ɗan gidan tarihi ne mai ɗaki uku, wanda ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta buɗe a cikin Minna. Shekara ashirin da shida yana aiki a can. A takarda, mai shara ne da gadin rana. Amma lokacin da ake tara kayan, shi ake ɗauka a bayan a-kori-kura zuwa ƙauyuka, saboda Gbagyi ne haifaffen gefen Paiko, yana kuma jin Nufanci daidai gwargwado. Malamai su tsaya a inuwa suna rubuta suna da kwanan wata, shi kuma ya tsuguna gaban tsohuwar da ta ba da kayan, ta yi ta ba shi labari: wa ya gina, da wane itace aka gasa, ranar da murfin ya fashe da wadda ta fasa shi. Bai rubuta ko ɗaya ba. Sai da ya haura arba'in ya shiga ajin yamma na manya a coci, kuma har gobe in zai karanta abu, yatsansa ne a gaba, shi yana biye a hankali.

A shekarar 2009 abu biyu suka haɗu. An sanar da shi cewa ƙarshen Disamba zai ajiye aiki. Sannan wata ƙungiya ta aiko wa gidan da 'yan na'urori guda ashirin, kowace ba ta fi kwalin ashana ba, da iyafis ɗinta. Baƙo zai maƙala a kunne, ya tsaya gaban kaya, ya danna lamba, murya ta yi masa bayani. Aka zaɓi kaya arba'in. Aka kuma ɗauko wata matashiya mai suna Theresa, 'yar kudancin Kaduna da ta yi digiri a kan harshen Hausa, don ta tsara abin da muryar za ta faɗa.

Theresa ta iso ana tsakiyar sauya rufin gidan. Ba ta ga komai ba sai kwalaye jere a sito, an lulluɓe su da tamfol, makullin kuma yana aljihun shugaban gidan, Malam Ndanusa. Tsohon littafin rajista da aka ba ta ba ya cewa komai sai "tukunya, Paiko" ko "kujera, Bida." Da ta yi kwana biyu tana juya shi, Malam Ndanusa ya nuna mata mai shara da leɓe, ya ce ta je ta zauna da wancan, shi ne ainihin rajistar.

Mako uku suka yi a gindin mangwaron bayan ofis. Ita a kan kujera da rakoda a cinya, shi a kan bulo.

"Lamba tara, Baba."

Sai ya lumshe ido. "Lamba tara, tabarya ne. Na wani mata a bayan dutse, mijin ya sassaka masa da hannun hagu, shi ya sa ya karkace. Matan ya ce a dauka, ya gaji da ganin shi."

Tana dariya tana rubutu. Wata rana ta ce masa da ta san haka ne da ba ta ɓata shekara huɗu a jami'a ba, da gindin mangwaron nan ta zo. Ranar sai da ya share harabar sau biyu.

Rakodar ta wani ma'aikacin ɗaukar murya ce daga jami'ar da ke Gidan Kwano, Meshach, mutum mai tumbi da son tsokana, wanda shi zai zuba muryoyin a cikin na'urorin. Ranar da ya zo karɓar aikin farko, ya danna wa Baba Josiah ya ji. Tsohon ya karkata kai, ya saurara har ƙarshe.

"Wane tsoho ne wannan mai surutu?"

"Wani ne daga Barkin Sale," in ji Meshach. "An ce a gida ba ya magana, kuɗin baki yake jira."

A gida da Gbagyi suke magana shi da Rifkatu, kuma a Gbagyi harshensa ba ya tuntuɓe. Da yammar nan, tana tsince shinkafa, ya ce mata, "Maman Susan, zan bar aikin nan a Disamba, amma muryata za ta zauna. Matan nan da suka ba ni labari duk sun mutu. Kullum ina tunanin in na fita ƙofar nan, sun sake mutuwa ke nan. Yanzu kuwa mutum zai danna, ya ji."

Ta ɗago ta dube shi. Rabonsa da jera mata magana mai tsawo haka tun auren 'yarsu Susan.

Ranar wata Talata aka yi taro a ofis don a ji rubutun. Akwai Malam Ndanusa, da Meshach, da mutum biyu daga kwamitin ƙungiyar malaman. Baba Josiah ya shigo da faranti da kofunan shayi, ya tsaya daga bakin ƙofa. A nan ya ji Theresa tana bayanin cewa an shirya da wani mai karanta labarai a rediyo, Bakano, shi zai karanta rubutun a Gidan Kwano. Hirar gindin mangwaro dama don a samu abin rubutawa ne. Babu wanda ya taɓa ce masa muryarsa za a sa, shi ya ɗora wa kansa. Ya san da haka, amma duk da haka abin ya soke shi, ya yi maza ya ajiye farantin.

Ta fara karantawa. Rubutun ya yi kyau, ba laifi. Labaransa ne aka wanke aka goge, tabaryar da bakinsa ya mai da namiji ta koma mace, matar da ta gaji da ganinta kuma ta ɓace. Yana tsaye har aka zo lamba sha huɗu.

"Wannan tukunyar zuma ce," in ji Theresa. "Ana ɗora ta a bishiya domin ƙudan zuma su zauna a ciki. Tana da ƙafa uku a gindinta, waɗanda ke riƙe ta a tsakanin rassa."

"Madam." Duk suka juyo. "Ba kafa ba."

"Na'am, Baba?"

"Ba kafa ba ne. Kafa ne."

Tun da uwarsa ta haife shi harshensa bai taɓa kama harafin nan mai ƙugiya ba. Ƙafar da ake tafiya da ita, da kafa, 'yar hudar da abu ke bi ya shige, duk ɗaya suke fitowa daga bakinsa. Shi a ransa magana biyu ya faɗa. Su a kunnensu ɗaya ce aka maimaita.

Meshach ne ya fara fashewa. "Kun ji. Baba ya ce ba shi ba ne, shi ne." Mutanen kwamiti suka kama. Malam Ndanusa ya sa hannu ya rufe baki.

Theresa ta gaji, kwana uku tana kan rubutun, ga shi ana jiran ta gama. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Baba, ai dalilin da ya sa muka nemo mai karatu ke nan. Gwarancin nan ba zai shiga na'ura ba. Baƙi ne za su ji."

Dariyar ta ɗan ja baya. Wani ya yi gyaran murya. Kalma ce da ake faɗa wa yaron da bai iya magana ba, da mashayin da harshensa ya karye, mutane na jefa ta ba tare da sun duba abin da ke cikinta ba. Sunan da ake kiran mutanensa da shi ne a ciki. Ya sha jinta a tasha da kasuwa, ta bi ta kansa ta wuce. Bai taɓa jinta daga bakin wadda ta yi mako uku tana kwasa daga nasa bakin ba. Yana da kalmomi a shirye, huda, ɓula, inda zuma ke shiga. Ya haɗiye su. Ya ce, "To, Madam," ya kwashe kofuna.

A gida ya ɗauko tsohon littafinsa na ajin yamma daga ƙarƙashin katifa. Ga harafin nan mai ƙugiya, ga kalmar ƙafa, ga zanen ƙafar da malaminsu ya sa su yi, tasa ta fi kama da rogo. Ya bi shafukan da yatsa har bango, bai ga ɗaya kalmar ba. Sai shakka ta kama shi. Watakila masu littafi duk ɗaya suke rubuta su. Watakila ma shi ne ya tsinci kalmar a karkace tun yana yaro, yake ta yawo da ita shekara sittin.

"Da ka ce mata rami mana," in ji Rifkatu.

"Ba rami ba ne. Rami a ƙasa yake."

"To ka koma gobe ka gaya mata."

Ya koma ɗin. Ya sami Theresa a bakin titi da jaka, tana tsai da motar Gidan Kwano. Ya ce, "Madam, lamba sha hudu." Ta ce, "Baba, don Allah sai na dawo," ta shige. Bai sake tayar da maganar ba. Ya ce wa kansa ai tukunya ba za ta dawwama a kwali ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma ya san haka. Ciwon bai bar shi ya sake buɗe baki ba.

Aka gama rufi, aka yi fenti. Shi ya fito da kayan ya jera, kowane da lambarsa. Tukunyar zuma ya zaunar da ita a kan gammo kamar yadda take zaune shekara da shekaru. Theresa tana can wurin Meshach ana zuba murya, ba ta dawo ba sai safiyar ranar gwaji, da kwalin na'urori a hannu.

Don gwajin, shugabar kwamiti, Mama Helen, tsohuwar hedimistires da har yanzu manya ke gyara tsayuwa in sun gan ta, ta gayyato zumuntar matan coci daga Paiko. Suka cika bas, sanye da zanensu iri ɗaya. Aka raba na'urori, wasu biyu-biyu, kowace da kunne ɗaya. Aka nuna musu inda za su danna.

Muryar mai rediyo ta yi daɗi, wannan ba gardama. Santsi gare ta. Matan suka yi tsit kamar ana wa'azi, suna tafiya daga lamba zuwa lamba, hannu a baya. Baba Josiah yana daga lungu da tsintsiya, yana kallon yadda suke wuce kayan da iyayensu suka yi aiki da su kamar kayan wata ƙasa.

A lamba sha huɗu layin ya tsaya. Wata doguwa mai suna Christiana, wadda ita ke ba da waƙa a zumuntar, ta sunkuya ta leƙa hagu, ta leƙa dama. Ta sake dannawa ta saurara.

"Ina ƙafafun?"

"Ta naɗe su ne, ta ga baƙi," wata ta ce daga baya.

"Ko dai sun gaji da tsayuwa sun koma gida."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mama Helen ba ta yi ba. Ta karɓi na'ura ta ji da kunnenta, ta gyara tabarau ta dubi tukunyar, sannan ta dubi Malam Ndanusa.

"Murya ta ce ƙafa uku. Ni ban ga ko ɗaya ba. An karya ne wajen kwasa, ko an sauya tukunyar?"

Malam Ndanusa ya waiga har idonsa ya faɗa lungu. "Baba Josiah, kai ka naɗe ta, kai ka kwance ta."

Baba Josiah ya jingine tsintsiya a bango. Ya goge hannu a wando, ya taho ba gaggawa, matan suna buɗa masa hanya.

"Mama, a ba ni izini in taba."

Ta gyaɗa kai. Ya sa hannu biyu ya ɗaga tukunyar, ya kwantar da ita a kan hannunsa kamar jariri, ya juya gindinta wajen haske. Ga su nan, 'yan hudoji uku a jere, gefensu ya yi baƙi da tsufa. Ya sa ɗan ƙaramin yatsansa a ta farko, ya cire, ya sa a ta biyu, ya sa a ta uku.

"Kafa," ya ce. "Daya. Biyu. Uku."

"Kafa," in ji Mama Helen a hankali, tana ɗanɗana kalmar. "Kafar shiga. Ikon Allah."

Daga nan bai san lokacin da ya ci gaba ba. Ya ce ba a zaunar da ita, kwantar da ita ake yi a kan reshen ɗorawa, a ɗaure da igiya. Baki a rufe shi da sakaina a liƙe da laka, ta gindi zuma ke shiga. Tsohuwar da ta gina ta, da karan dawa ta huda tun yumɓu na ɗanye, ta kuma ce masa kada huda ta wuce ɗan yatsa, in ta wuce ƙadangare ya samu ɗaki. Ya ce kafa ɗaya ba ta isa, don da safe masu fita da masu dawowa sai su yi cunkoso kamar motocin Paiko ranar kasuwa. In ya rasa kalmar Hausa sai ya tsallaka Gbagyi, ya dawo. Matan suka matso. Iyafis suka fara sauka daga kunnuwa, suna reto a wuya.

"Babana huɗu yake hudawa," in ji Christiana.

"Babanki yana da kwadayi," in ji Baba Josiah.

Dariya ta tashi har masu fenti da ke wanke bokiti a waje suka leƙo. Wata tsohuwa ta ce a garinsu da kakin zuma ake shafe cikin tukunyar kafin a ɗora, wata ta ce a'a, hayaƙin ciyawa ake yi mata. Suka kaure da musu. Aka ja shi zuwa lamba sha biyar, daga nan zuwa tabaryar da ta karkace, ya ba su labarin matar da ta gaji da ganinta, wata ta rantse ta san jikar matar. Rabin awa ta wuce ba wanda ya danna komai.

Mama Helen ta juya wajen Theresa, wadda ke tsaye da takardu a ƙirji tun lokacin da aka juya tukunyar, ba ta motsa ba.

"'Yata, me ya sa ba wannan aka sa a ciki ba?"

Theresa ta buɗe baki, ta dubi Baba Josiah, ta kau da kai. "Za a gyara, Mama."

Mama Helen ba ta da al'adar dogon taro. A tsaye ta yanke. Za a ɗaga bikin buɗewa da mako uku. Baba Josiah zai yi bayanin kaya arba'in ɗin da bakinsa, da Hausa da kuma Gbagyi. Muryar mai rediyo a bar ta ta riƙa kiran lamba, tun da ta iya.

Siton da ya zama fanko suka mai da ɗakin ɗaukar murya. Rifkatu ta bi matan layi ta aro katifu shida, Meshach ya jingina su a bango. Tun da asuba suke farawa, kafin acaɓa su cika titi, kafin mai walda na maƙwabta ya ta da janareto. Ranar farko ba a samu komai ba. An ba shi takarda a hannu, makirfo a gaban baki, sai yatsa ya kama bin layi, murya ta bushe, ya koma ɗalibin ajin yamma. Sau bakwai ana sakewa.

"Baba, wancan tsohon mai surutu muke nema," in ji Meshach. "Wannan da ka kawo mana limamin jana'iza ne."

Theresa ce ta tashi. Ta zare takardar daga hannunsa ta ninke. Ta fita, ta dawo rungume da lamba ɗaya, wata ƙwarya mai zane, ta ɗora masa a cinya. Ta jawo bulo ta zauna a gabansa, ƙasa da shi.

"Wa ya ba ka wannan, Baba?"

Hannunsa ya shafa ƙwaryar, ya lumshe ido, magana ta zo.

Haka suka yi kwana goma sha ɗaya. Ta iya tambaya, wannan ya yarda. Ta san inda za ta yi shiru. In ya tsallake wani abu da ya taɓa faɗa a gindin mangwaro, sai ta tuna masa. Ba ta gyara masa ko harafi ɗaya ba. Kullum tana zuwa da kunun gyaɗa a fulas, ta zuba masa, ta riƙe kofin da hannu biyu. Sau biyu ya ga ta tsaya bayan Meshach ya fita, tana juya murfin fulas, kamar mai shirin magana, sai ta ce, "Gobe ƙarfe shida, Baba." Shi kuma ya ce, "Allah ya kai mu." Kunun yana sha, yana kuma godiya. Amma ya san kunu daban, abin da ke tsakaninsu daban, kuma ba shi zai ɗauko mata shi ba.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a harabar. Mutane suka zo fiye da kujeru: malamai, ɗalibai daga Gidan Kwano, ma'aikata, matan Paiko da suka dawo da mazajensu. Na'ura ashirin ta yi kaɗan, aka yi layi har gindin mangwaro. Baba Josiah yana sanye da babbar rigar da ya yi auren Susan da ita, ya tsaya a lungunsa na kullum, hannunsa yana neman tsintsiyar da aka ɓoye.

Daga nan yake kallo. Ya ga wani dattijo mai hula zanna ya danna lamba ɗaya, da muryar ta gaishe shi sai ya ɗan rusuna ya ce, "Lafiya lau, Baba." Ya ga wasu ɗalibai mata biyu, kunne ɗaya-ɗaya, sun dafa juna suna dariya gaban tabarya. Wani manomi ya tsaya a lamba ashirin da biyu yana girgiza kai, yana ce wa na'urar ba haka ake riƙe lauje ba. Tukunyar zuma yanzu a kwance take a kan reshe, gindinta yana kallon jama'a, kowa ya zo sai ya ƙirga da yatsa daga nesa. Masu acaɓan bakin kwana biyu da suka kawo fasinja suka shiga don su sha inuwa, suka fito suna kallonsa kamar yau suka fara ganinsa.

Rifkatu ta bi lamba arba'in ɗin kaf, da Hausa, ta sake bi da Gbagyi. Ta zo ta tsaya kusa da shi tana naɗe wayar iyafis a yatsa.

"Baban Susan, ashe duk wannan na cikinka, kake ba ni 'to'."

"Ba ki taɓa danna lamba ba."

Ta kai masa duka da gefen mayafi. Ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa wanda ya daɗe yana ɗauke da shi. Disamba ta zo in ta ga dama.

Da aka koma rumfa aka yi jawabai. Mama Helen ta sa ya tashi tsaye aka tafa masa, matan zumunta suka rangaɗa guɗa, Christiana ta ɗauko waƙa sai da aka roƙe ta ta tsaya. A ƙarshe mai gabatarwa ya ce Malama Theresa za ta yi jawabin godiya.

Ta fito da takarda a hannu. Ta gode wa kwamiti, ta gode wa waɗanda suka ba da na'urori, ta gode wa Meshach da matan da suka ba da aron katifu. Sai ta tsaya. Ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa. Lasifika ta yi ɗan kuka, Meshach ya rage ta.

"Akwai abin da ba ya cikin takarda," ta ce. "Ranar da muka yi taro a ofis, Baba Josiah ya gyara mini kuskure. Shi ne da gaskiya, kalmarsa daidai take, ni mai digiri ni na ɓata ta. Maimakon in tambaye shi, sai na kira maganarsa da wani suna. Waɗanda ke wurin sun ji, ba zan maimaita shi ba." Malam Ndanusa ya sunkuyar da kai. "Uwar da ta haife ni ma haka take Hausarta. Na san zafin kalmar nan tun ina makarantar kwana, na kuma ɗauke ta na jefi wanda ya girmi ubana."

Ta sauko daga kan dandamali da makirfon a hannu, wayar tana binta a ƙasa, har gaban kujerarsa. Ta durƙusa a kan gwiwa biyu, cikin ƙurar harabar da shi ya share da safe.

"A gaban mutane na faɗa, shi ya sa ban iya janyewa a sito ba. Baba, na yi maka laifi. Don Allah ka yafe mini."